Kaya biyar a kan tabarma: littafin neman kayan gyara

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau na fito da su duka tsakar gida, na kakkaɓe musu ƙurar hunturu, na jera a kan tabarma. Guda biyar ne: fankar Inna mai caji, blendar uwargida, fanka ta tsaye ta ɗakin yara, butar lantarki, da fitilar caji da muke sahur da ita. A cikinsu babu wanda ya shekara uku a gidan nan. Sunayen da ke jikinsu kuwa irin waɗanda ake gani yau a kasuwa, baɗi a nema a rasa ne. Kwalin blendar har yanzu yana nan, na juya shi ta ko'ina, babu adireshi, babu lambar waya.

Azumi saura mako uku, kuma zafin Bauchi a bayansa yake tafe. Albashi ba zai sayi sababbi biyar ba. Ko da zai saya, raina ba ya so in miƙa wa 'yan gwangwan injin da yake da lafiya saboda wata 'yar roba ta cinye. Don haka na ɗauko ragowar littafin rubutu na yara, zan riƙa rubuta abin da na nema, inda na nema, da abin da na samu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bayan tashi daga aiki na shiga kasuwar Wunti da hoton blendar a waya. Shago shida na shiga, tambaya ɗaya nake yi: kuna da kayan wannan kamfanin? Amsa ɗaya nake samu: babu, amma akwai sabuwa. Wani ma ya ce da ni, cikin raha, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban ji haushinsa ba, sai dai maganar ta tsaya mini, domin ba don son araha kawai muke sayen irin waɗannan ba. Su ne a kasuwa, su ne aljihu yake iya kaiwa.

A shago na bakwai wani dattijo mai gyaran fanka da dutsen guga ya karɓi wayar, ya dubi hoton, ya mayar mini.

"Malam, suna ba ya gyara. Ka daina yawo da suna. Kwance abin, ka kawo mini wanda ya mutu a hannu."

Na ce masa ban taɓa kwance blenda ba. Ya ce sukuru huɗu ne a gindinta, in cire filogi tukuna.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na wuni ina kwance kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ari mitar awon wuta a wurin maƙwabcina mai haɗa sola, ya nuna mini inda ake murɗawa.

Fanka ta tsaye ita ce mai sauƙi. Ciwonta shi ne gunji ba juyawa, sai an tura fiffiken da yatsa take tashi, daga baya ma ta daina gunjin gaba ɗaya. A bayan injin akwai ɗan baƙin akwati mai waya biyu, kafasito ke nan, shi yake ba injin ƙarfin tashi, an rubuta CBB61, 1.5µF, 450V a jikinsa. Waɗannan lambobin su ne sunansa na gaskiya. Na kwafe su.

Fankar Inna batir biyu ne a gindinta, kowanne 6V 4.5Ah, an haɗa su a jere su ba da 12V. Ɗaya ya kumbura har ya ɗaga murfi. Mita ta nuna 5.1 a kan ɗaya, ɗayan ko 3 bai kai ba. Lafiyayyen batir irin wannan, idan ya cika, 6.3 zuwa 6.4 yake nunawa.

Blenda injinta ƙalau, yana juyawa da ƙarfinsa. Abin da ya lalace 'yar roba ce mai haƙora a kan injin, wadda take kama gindin wuƙa ta juya ta. Haƙoranta sun side sumul. Na yi ta fama in kwance ta, ta ƙi, har na ji tsoron karya wani abu, na bari.

Buta ita ma jikinta lafiya, gindin da ake ɗora ta a kai ne ya ƙone ta ciki. Fitila kuwa ɗan ƙaramin batir ne mai 4V, ya bushe ƙayau.

Uwargida ta tsaya a kaina tana kallon tarkacen. "Malam, blendar dai ka fara da ita. Masu kunun aya sun fara tambaya tun yanzu." Gaskiyarta, domin a azumi cinikin kunun aya shi yake ɗauke mana kuɗin ƙanƙara da na cefanen buɗa-baki.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na koma wurin dattijon da injin blenda da injin fanka a buhu. Ya riƙe sandar injin blendar ta ƙasa, ya murɗa robar ta hannun da ake ɗaure sauran noti, sai ga ta ta kwance kamar ba ita ba. Ashe da yawansu haka ake yin su, a juye, don kada juyawar injin ta riƙa kwance su. Duk faman da na yi ranar Asabar ƙara ɗaure ta nake yi.

Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da irin robobin, muka gwada ɗaya bayan ɗaya. Wata haƙoranta sun yi daidai, raminta ya yi faɗi. Wata ramin ya yi, tsayinta ya gaza. Babu wadda ta zauna.

Kafasito kuwa nan take aka samu, lamba ɗaya da tsohon, kuɗinsa bai kai na mudun masara ba. Muka saka, fanka ta ƙi motsi. Ya farke takardar da ta rufe nadin wayar injin, ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Fis ne na zafi, an rubuta 130°C, 2A. Bayaninsa ya shiga kaina: da kafasito ya raunana, injin ya riƙa tsayawa da wuta a jikinsa yana ɗaukar zafi, fis ɗin ya yanke kansa don kada nadin ya kama da wuta. Yaronsa ya ce a haɗe wayar kai tsaye a wuce wurin, haka kowa yake yi. Na ce a'a. Fankar nan a ɗakin yara take kwana, kusa da gidan sauro. Dattijon ya goyi bayana, ya ce in ba shi kwana biyu zai nemo. Ya ƙara da cewa ba a kama irin wannan fis da darma kai tsaye, zafin ƙarfen kamun kaɗai ya isa ya kashe sabon, matse shi ake yi da 'yar ƙarfe.

Da dare na ɗora tsohuwar robar blenda a kan farar takarda, na sa rula a gefenta, na ɗauki hoto ta sama da ta ƙasa. Na ƙirga gurbin haƙora, shida. Na tura wa ƙanena a Kano ta WhatsApp, ya duba mini a Sabon Gari.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An samu fis. Fanka ta tsaye ta tashi, lamba ɗaya zuwa uku duk suna aiki. Saura huɗu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Maganar batir ce ta cinye mini kwana uku, kuma ita ce ta fi ba ni ciwo, domin fankar Inna ce. Inna ba ta jure zafi, ga hawan jini, ga azumi da ba ta yarda ta sha ko ɗaya.

Batirin 6V 4.5Ah ba ya wuyar samu. Girmansa ɗaya ne ko wane suna aka buga masa, kusan santimita 7 a tsawo, 4.7 a faɗi, 10 a tsaye, shi ya sa yake shiga kowace fanka. Wuyar ita ce samun mai rai. Na sayi biyu a wani shago ranar Litinin ba tare da na auna ba. Da na zo gida mita ta nuna 5.8 da 5.6. Na ɗaga su a hannu, na ɗaga tsofaffin, sai na ji sababbin sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Batirin nan darma ce a cikinsa, kuma darma nauyi gare ta. Mai kyau yakan kai gram 700 ko ya ɗara. Idan ya yi shafal, an rage darmar ne. Na mayar washegari. Mai shagon ya ce kayan wuta ba a dawo da su, sai da maƙwabcin shagonsa ya sa baki ya ba ni kuɗina, ya cire wani abu a ciki. Na haƙura.

Jiya na tafi da mitar a aljihu. A shago na uku na ce sai an buɗe kwali na auna. Mai shagon ya dube ni, ya ce, "Oga, ka san aiki," ya shiga ciki ya fito da wani kwalin daban da wanda ke kan kanta. Duka biyu 6.3, kuma da nauyinsu. Sun fi na farko tsada, na biya ban yi ciniki mai tsawo ba.

Biyun na canja tare. Wani ya ba ni shawara in canja mai kumburin kaɗai, amma idan aka haɗa sabo da tsoho a jere, tsohon yakan ja sabon su mutu tare. Kafin in rufe na auna abin da allon cajin fankar yake bayarwa, 13.7, daidai da abin da aka rubuta a jikin batir idan aka tara na batiran biyu. Ke nan ba caja ce ta kashe na farko ba.

Maƙwabcina mai sola ya faɗa mini abin da ya kashe su. Abu biyu ne, kuma duka mun aikata. Na ɗaya, barin fanka ta yi ta juyawa har sai ta tsaya da kanta. Na biyu, ajiye ta wata uku na hunturu ba caji. Batirin darma idan ya zauna babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta. Ko ba a amfani da ita, a jona ta sau ɗaya a wata.

Na yi wani lissafi a bayan littafin. 12V na batiran biyu sau 4.5Ah ya ba da 54, wato wat 54 na awa ɗaya. Fankar a lamba mafi ƙarfi tana cin wat 18 kamar yadda aka rubuta a gindinta. Wato awa uku ke nan a takarda, a zahiri ma ba za ta kai ba. Awowin da aka buga a kwali da manyan baƙaƙe na lamba ɗaya ne, mafi sanyin juyi.

Da la'asar na kai wa Inna fankarta. Na durƙusa na gaishe ta, na kunna, iska ta ɗaga gefen mayafinta.

"Inna, idan kin ga jar fitilar nan ta kama, a kashe ta. Kada a bari sai ta tsaya da kanta."

"To, Babana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Na nuna wa jikarta da ke kwana da ita yadda za ta riƙa jonawa da zarar an kawo wuta.

Talata, 4 ga Maris (4 ga Ramadan)

An ɗauki azumi ranar Asabar, blenda ba ta tashi ba. Saƙon Kano ya iso jiya ta hannun direba, na je tasha na karɓa: robobi uku a ƙulle cikin leda. Ƙanena ya yi iya ƙoƙarinsa, duka masu haƙora shida ne, faɗinsu daidai da na rula. Biyu raminsu ya yi wa sandar injin yawa. Ta uku ta shiga, amma irin mai ɗaurin dama ce, ta hau rabi ta cije. Laifina ne, hoto ba ya nuna ta wane hannu ake ɗaurewa, ni kuma ban faɗa ba. Kuɗin mota ya fi kuɗin robobin.

Uwargida tana kai ayarta injin markaɗe na unguwa. Layi ne tun hantsi, kowa da bokitin wakensa na ƙosai, kuma komai wankin da aka yi wa injin sai ƙanshin wake da attaruhu ya biyo kunun. Mutum biyu sun yi mata magana jiya. Ba ta ce mini komai ba, amma na ga fuskarta.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau aka samu, kuma ta inda ban yi zato ba.

Dattijon ne ya ce in gwada wurin 'yan gwangwan, inda 'yan bola jari suke sauke abin da suka tsinto. Na je da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi. Fili ne cike da tulin ƙarfe, gefe guda kuma tulin robobi: fankoki ba kai, dutsen guga, rediyo, butoci. Yara suna fasa injuna da guduma suna zare jar waya, domin ita ce mai kuɗi, a kilo ake sayenta. Sauran jikin ba ruwansu da shi.

Na nuna wa wani saurayi gindin blendata. Ya ce, "Baba, irin wannan ai kullum sai an kawo." Ya haye tulin ya riƙa jefo mini su. Cikin minti ashirin ga guda huɗu a gabana. Ɗaya ja, ɗaya fara, biyu baƙaƙe, kowace da sunanta daban, ɗaya ma da tutar wata ƙasar Turai a jiki. Amma maɓallan nan huɗu ne a wuri ɗaya, ƙafafun iri ɗaya, ramukan sukuru a wuri ɗaya. Na kifa su, na kifa tawa. A cikin robar gindin, inda ba mai dubawa, akwai lamba da aka zubo tare da jikin, kuma lambar nan ɗaya ce a uku daga cikinsu da tawa.

Na jima a tsugune ina kallonsu. Wata guda ina yawo da suna a baki, ashe sunan fenti ne kawai. 'Yan kasuwar da ke saro kaya daga Alaba a Legas sun san wannan tuntuni: masana'antu a ƙasar Sin, a wurare irin su Shunde da Zhongshan a lardin Guangdong, ko Cixi a Zhejiang, suna ƙera abu ɗaya, duk wanda ya yi odar da yawa a buga masa sunan da yake so. Blendata tana da 'yan'uwa a gidaje da yawa a garin nan, kowace da sunan da aka raɗa mata.

Biyu daga cikin huɗun injinsu ne ya ƙone, robarsu garau. Na sayi duka biyun a kuɗin da bai kai na motar saƙon Kano ba. Na cire robobin, na cire gawayin injin, wato 'yan sandunan baƙin nan biyu masu sifirin da ke gogar sandar, domin su ma cinyewa suke yi. A gida robar ta zauna daram.

Wani abu ya tsaya mini a rai a wurin nan. A gabana aka fasa wata fanka mai caji da allonta lafiya, don jar wayar da ba ta kai cikin tafin hannu ba. Wani yana can yana neman allon nan ido rufe. Tun 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firiji da injin wanki da talabijin su tanadi kayan gyara na shekara bakwai zuwa goma. Mu nan ma'ajiyar kayan gyaranmu ita ce tulin nan, kuma guduma ce take riga mu isa. Da masu gyara za su haɗa kai da yaran nan a riƙa ware robobi da alluna da maɓallai kafin a fasa, kowa zai ci riba. Na faɗa wa saurayin, ya ce idan akwai mai saye shi zai riƙa warewa. Na karɓi lambarsa, zan kai wa dattijon.

Talata, 18 ga Maris

Kwana tara blenda tana aiki. Mun yi magana da uwargida a kan abin da ya cinye robar farko. Injin wat 350 ne, na tumatir da attaruhu, ba a yi shi don aya ba. Yanzu tana jiƙa ayar tun dare har ta yi taushi, tana zuba kaɗan-kaɗan da ruwa isasshe, ta cire ƙwallon dabino tun kafin ya shiga, kuma ba ta barin injin ya wuce minti ɗaya ba hutu. Aikin ya ƙara tsawo, amma kunun ya dawo da ɗanɗanonsa. Roba ta biyu tana cikin gwangwani a kan kanta.

Fitila kuma na canja mata hanya gaba ɗaya. Ƙananan batiran 4V da na gani duk sun daɗe a shago. Maƙwabcina ya kawo shawarar a saka mata batirin litiyom irin 18650, mai kama da yatsa, milimita 18 a kauri, 65 a tsawo, 3.7V, idan ya cika 4.2. Ya hana ni sayen masu rubutun 9900mAh, ya ce na gaskiya ba ya wuce wajen 3500, nauyinsa kuma kusan gram 45. Ya ciro ɗaya daga tsohon batirin kwamfuta, ya auna, yana da rai. Abin da ya fi jaddadawa shi ne kada a kuskura a jona litiyom a tsohuwar cajar fitilar. Irin waɗannan fitilu ba su da abin da ke yanke caji idan batir ya cika; batirin darma yakan jure na ɗan lokaci, litiyom kuwa gobara ce. Ya yanke tsohuwar hanyar, ya saka ɗan allo mai lamba TP4056, wanda yake karɓar cajar waya, ya kuma tsaya da kansa a 4.2. Yanzu da cajar wayata take ci, kuma tana kai mu sahur uku.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadin da ta wuce. Zafi ya sauka sosai, da tsakar dare ma bango yana huci. Fankar Inna tana yin awa biyu da rabi a lamba mai ƙarfi, kusan shida a lamba ɗaya. Na auna batiran jiya bayan sun cika, 6.4 da 6.3. Maƙwabcina yana so idan waɗannan suka ƙare mu koma irin litiyom ɗin da ake kira LiFePO4, guda huɗu a jere su ba da 12.8V, da allon kariyarsu. Ya fi daɗewa nesa, ya kuma fi tsada nesa. Na rubuta, za a duba bayan damina.

Buta ce ta rage. Gindi uku na gwada, biyu daga wurin saurayin nan, ɗaya daga wurin dattijo. A ido duk ɗaya suke, amma zoben tsakiyar da ke kai wuta ya bambanta: ɗaya ya yi faɗi, ɗaya bai kai zurfi ba, na ukun ya zauna amma yana tartsatsi idan aka taɓa butar, don haka na cire shi. An ce a haɗa mata waya kai tsaye, na ƙi, abu ne mai jan wat 1500 kuma ruwa ne a cikinsa. Na auna zoben da rula, na dangwala shi a kan sabulu ya fito da siffarsa, na bar wa saurayin sabulun a shagonsa. Ya ce ranar Laraba motar kaya za ta shigo daga ƙauyuka, in leƙo bayan azahar.